Daƙiƙa uku a goshin igiyar ruwa

Duk lokacin da hunturu ya shiga a arewacin duniya, tekun Fasifik da na Atlantika sukan yi toroƙo, kuma hotunan bidiyo irin wannan da kuke kallo sukan cika intanet: mutum ɗaya tsaye a kan dogon allo, riƙe da filafili, ga wani tsaunin ruwa yana tasowa a bayansa. Abin da yawancin masu sharhi ke cewa shi ne wannan mutum ya sauƙaƙa wa kansa aiki, tunda yana tsaye tun farko, ba sai ya kwanta ya yi iyo da hannu sannan ya zabura ya miƙe kamar sauran masu hawan igiyar ruwa ba, kuma ruwan ne zai tura shi gaba. Wannan fahimta tana da gyara, kuma gyaran yana cikin daƙiƙa biyu ko uku da ido ba ya kamawa sai an rage saurin hoton.

Tarihin wasan gajere ne. A gaɓar Waikiki da ke Hawai, tun tsakiyar ƙarnin da ya wuce, masu koyar da baƙi hawan igiyar ruwa sukan tsaya a kan manyan alluna da filafilin kwalekwale domin su hango ɗalibansu su kuma ɗauke su hoto. A farkon shekarun 2000 wasu gwanayen hawan igiyar ruwa, Laird Hamilton da Dave Kalama, suka farfaɗo da abin a tsibirin Maui da ke Hawai, daga baya kuma matasa irin su Kai Lenny suka kai shi wuraren da ake jin tsoro, kamar Pe'ahi, wata gaɓa mai manyan igiyoyi a Maui, wadda aka fi sani da Jaws.

Yanzu mu dubi ruwan kansa. Igiyar ruwa takan karye ne idan ta iso wurin da zurfinsa bai fi tsayinta da yawa ba, kuma gudunta a wannan wuri ya dogara ne ga zurfin. Igiyar da tsayinta ya kai mita 10 takan karye a zurfin kusan mita 13, tana gudun kimanin kilomita 40 a awa. Mai filafili, komai ƙarfin damtsensa, da wuya ya kai rabin wannan gudun a ruwa kwance. Saboda haka babu yadda za a yi ya tsere wa igiyar, kuma igiyar ba ta ture shi daga baya kamar yadda ake tura amalanke. Abin da ke faruwa shi ne tana ɗaga wutsiyar allon, sai allon ya karkata, nauyin mutum da na allo su fara zamewa a kan gangara, gangarar da ita ma gudu take yi. Aikin filafili shi ne ya ba allon gudun da zai isa zamewar ta kama kafin ƙoƙuwar igiyar ta wuce ta ƙarƙashinsa.

Ga wurin da nake so mu daɗe. Ku bar kallon igiyar, ku dubi ƙafafunsa.

Lokacin da yake jira, ƙafafunsa biyu suna jere gefe da gefe a tsakiyar allon, ƙirjinsa yana fuskantar gaba. Wannan tsayuwa ita ce ta fi dacewa da tuƙi, domin tana hana shi faɗuwa dama ko hagu, kuma tana ba shi damar sauya filafilin daga wannan hannu zuwa wancan. Amma tana da rauni guda mai tsanani, wato ba ta da kariya ta gaba da baya. Duk wanda ya taɓa tsayuwa a cikin mota ƙafafu jere, direba ya taka birki ba zato, ya san abin da nake nufi. Idan igiyar ta ɗaga wutsiyar allon yana cikin wannan tsayuwa, da fuska zai kifa. Dole ne ya janye ƙafa ɗaya baya, ya juya jikinsa gefe, ya durƙusa kaɗan, ta yadda zai iya kai nauyinsa gaba ko ya dawo da shi baya ba tare da ya ɗaga ƙafa ba.

Tambayar ita ce yaushe zai yi wannan sauyi. Idan ya makara, ya riga ya faɗi. Idan kuma ya yi gaggawa, ƙafar da ya mayar baya za ta danne wutsiyar allon, gudun da ya tara ya ragu, igiyar ta wuce ta bar shi, ko kuma, wanda ya fi muni, ta riƙe shi a can sama har lokacin da ƙoƙuwarta za ta kife, ta jefo shi ƙasa tare da ruwan. Sannan da zarar ya juya jikinsa gefe, tuƙi ya koma gefe ɗaya kawai, kuma tuƙin gefe ɗaya yana karkatar da allo zuwa ɗaya gefen. Shi ya sa za ku lura, a wannan hoton da muka tsayar, goshin allon bai fuskanci gaɓa kai tsaye ba. Da gangan ya ɗan kauce da shi, domin ya san bugun filafili huɗu ko biyar na ƙarshe za su miƙar da shi daidai lokacin da ruwan zai ɗaga shi. Wannan lissafi ne da ake yi da ido da tafin ƙafa, kuma a ganina a nan ƙwarewar wasan gaba ɗaya take.

Ku ƙara duban fuskar igiyar. Ruwan da ke gabanta baya yake komawa, yana hawa sama, domin igiyar tana zuƙo shi ta gina kanta da shi. Ke nan allon yana ƙoƙarin gangarowa a kan ruwan da ke hawa. Idan kuma iska tana busowa daga tudu zuwa teku, kamar yadda takan yi a ranakun da igiya ta fi kyan siffa, sai ta bi fuskar igiyar ta hau, ta shiga ƙarƙashin goshin allon tana ɗaga shi. Wanda ke kwance a kan allo ya fake wa wannan iska, amma wanda ke tsaye jikinsa duka ya zama tanti mai tare ta. Don haka a wannan lokaci yana buƙatar ya danna nauyinsa a kan ƙafar gaba, ya sunkuya, ya riƙa gajeren bugu mai sauri kusa da goshin allon, alhali duk abin da ke cikin zuciyar ɗan Adam yana ce masa ya ja da baya daga ramin da ya buɗe a gabansa.

Sai kuma abin ya juye. Da zarar allon ya saki ya fara gangarowa, nauyin nan na gaba da ya shigar da shi shi ne zai halaka shi, domin dogon allo mai gangarowa tsaye yana iya caka goshinsa a gindin igiyar ya tsaya cak. Ku ga yadda ya mayar da ƙugunsa baya cikin ƙiftawar ido, ƙafar baya ta danne wutsiya, goshin allon ya ɗago da ɗan taƙi kaɗan daga ruwa. Gaba, sannan baya, kuma tazarar da ke tsakanin biyun ba ta kai daƙiƙa ɗaya ba. Mun maimaita wannan wuri sau uku domin ku gani da kyau.

Daga nan filafilin ya tashi daga abin tuƙi. Yana jan bakinsa a kan ruwa ta gefen igiyar, yana jingina da shi lokacin da yake yanka kwana a gindinta, kamar ƙafa ta uku. Sauran tafiyar hoton ya ishe ku bayani.

Ba na musun cewa tsayuwa tana da amfani. Mai tsayuwa yana hango igiya tun daga nesa, kuma dogon allonsa yana shiga da wuri fiye da gajere. Sai dai yana biyan kuɗin wannan amfani a ranar da lissafi ya kuskure. Ba ya iya nutsar da allonsa ya bi ta ƙarƙashin igiyar da ta karye a gabansa, saboda allon ya cika girma da yawo a saman ruwa. Ruwan teku mai faɗin mita ɗaya, tsawon mita ɗaya, zurfin mita ɗaya ya ɗan haura tan ɗaya a nauyi, ku ƙiyasta abin da ke faɗowa a kansa. Maɗaurin da ya haɗa ƙafarsa da allon yana jan sa da ƙarfi a ƙarƙashin ruwa, ga filafili mai kaifin baki yana juyawa kusa da shi, kuma abin da kowa ke tsoro shi ne igiya ta biyu ta iso kafin ya fito ya shaƙi iska. Mark Foo, gwani ne da duniya ta sani, ya rasu a Mavericks, wani wurin hawan manyan igiyoyi da ke Kalifoniya, a watan Disamba na 1994, kuma shi da allon da ake tuƙawa da hannu a kwance yake, ba irin wannan na filafili ba.

Wannan ne ya sa kuke ganin rigar nan mai kauri a jikinsa. Tana ɗauke da ƙananan kwalaben iskar gas, idan ya ja zare sai ta kumbura ta hauro da shi sama. Wani gwanin hawan igiyar ruwa, Shane Dorian, ne ya taimaka wajen ƙirƙiro irinta bayan ya sha da ƙyar a Mavericks a 2010. Wancan babur ɗin ruwa da ke tsaye a gefe kuma aikinsa ceto ne, yana da ɗan lokaci kaɗan tsakanin igiya da igiya ya shiga ya ɗauko wanda ya faɗi. A Nazare da ke Fotugal, inda wani kwazazzabo mai zurfin kusan mita 5,000 a ƙarƙashin teku yake tattaro ƙarfin ruwa zuwa gaɓa, da irin wannan babur aka jawo Sebastian Steudtner ya hau igiya mai tsayin mita 26.21 a 2020, domin igiya mai wannan girma ta fi ƙarfin damtse da filafili.

Ga hoton farko mun dawo da shi, a saurinsa na ainihi. Ya hango ta, ya juya allon, ya kauce da goshinsa kaɗan. Ku ƙirga bugun filafilin tare da ni, kuma a bugu na uku ku sa ido a kan ƙafarsa ta dama.