Adele Fielde: matar da ta gano yadda tururuwa ke sanin 'yan gidansu

Ku ɗauko tururuwa daga wani rami ku jefa ta a ramin wasu. Nan take za su yi mata caa. To ta yaya suka gane baƙuwa ce, alhali ramin duhu ne ƙirin?

Cikin waɗanda suka fara amsa wannan tambaya da gwaji akwai Adele Fielde, 'yar Amurka da aka haifa a jihar New York a 1839. Ba da ƙwari ta fara ba. Ta yi doguwar tafiya a teku zuwa Bangkok don a ɗaura mata aure, ta iske angon ya rasu. Ta zauna tana aikin mishan, daga baya ta koma Swatow a kudancin Sin, har ta wallafa ƙamus na harshen garin a 1883. Sai da ta haura shekara 60 sannan rubuce-rubucenta kan tururuwa suka fara fitowa, daga cibiyar binciken halittun ruwa ta Woods Hole da ke Amurka.

Da farko ta ƙera musu gida na gilashi mai ɗakuna, da soso jiƙaƙƙe a ciki don laima. Ana iya ɗaukarsa, ana iya leƙa cikinsa. Da shi ta yi ta raba 'yan gida ɗaya na tsawon watanni, wani lokaci shekaru, sannan ta sake haɗa su ta zuba ido. Wannan haƙuri nata shi ya fi burge ni.

Ta gano cewa da ƙanshi suke sanin juna, kuma da ƙahonnin nan biyu na kansu suke shinshinawa. Idan aka yanke ƙahonnin, tururuwa ba ta ƙara bambanta 'yar'uwa da bare. Abin da ya fi ban mamaki, koyon ƙanshin suke yi tun suna jarirai. Ta haɗa sababbin ƙyanƙyasa daga jinsuna daban-daban, waɗanda iyayensu ke kashe juna, suka tashi tare lafiya lau.

A 1907 ta koma birnin Seattle da ke jihar Washington ta shiga gwagwarmayar ba mata 'yancin jefa ƙuri'a, wanda jihar Washington ta amince da shi a 1910. Ta rasu a 1916. Masanan da suka zo bayanta sun binciko inda ƙanshin yake: wani maiƙo ne da ke lulluɓe da jikin kowace tururuwa, kuma na kowane gida daban yake.