Lacca: Tallafin Taki da Lissafin Gonar Masara a Ƙasar Zazzau

Assalamu alaikum. Iyayenmu dattawa, malaman gona, 'yan'uwa manoma maza da mata, barkanku da zuwa.

Tallafin gwamnati ga manomi a ƙasar nan galibi rangwame ne a kan taki da iri, ba a cika danƙa kuɗi a hannu ba. A 2012, lokacin Akinwumi Adesina yana ministan noma, aka fito da shirin GES, wato shirin rangwamen taki ta wayar hannu. Manomi ya yi rajista, saƙo ya shigo wayarsa, ya je wurin dillalin da aka amince da shi ya biya rabin kuɗi, ya ɗauki buhu 2, kamfa (wato takin NPK) ɗaya, yuriya ɗaya. Ragowar rabin gwamnatin tarayya da ta jiha ke biya a wancan lokacin.

To mu yi lissafi. Hekta ɗaya ta masara a irin ƙasarmu ta Giwa, Soba ko Maƙarfi tana son kamfa 15:15:15 buhu 8 da yuriya kusan buhu 3, kowane buhu kilo 50. Kun ga buhu 2 ko kwatar hekta ba za su ƙosar ba. Wanda ya barbaza su a hekta guda, sai ya dawo yana zargin irin masarar cibiyar binciken noma ta Samaru bai da kyau, alhali yunwa ce ta kama masarar. Gara a ware fili kaɗan a ba shi haƙƙinsa, sauran a zuba takin gida, ko a shuka waken soya ko gyaɗa.

Amma babbar matsalar ita ce lokaci, kuma a nan nake so ku saurara da kyau. Muna shuka masara ne daga ƙarshen Mayu zuwa Yuni. Kamfa ana sa shi cikin mako 2 da shuka, yuriya kuma mako 4 zuwa 6. A tona ɗan rami kamar tsawon yatsa nesa da gindi, a zuba, a rufe. Yuriyar da aka bari a fili, rana da iska su kwashe ƙarfinta, ruwan sama ya wanke saura. Idan takin tallafi ya iso a Agusta, masara ta fara goyo, ganyen ƙasa ya riga ya yi ruwan ɗorawa, ba abin da zai gyara. Shi ya sa za ka ga mutum ya karɓa da safe, da yamma buhun yana kasuwa. Ban ce ya kyauta ba, amma dalilinsa ke nan.

Me ke kawo jinkirin? In gwamnati ba ta biya dillalai bashin bara ba, ba za su fito da kaya bana ba. Ga rashin sabis a ƙauye, ga wanda ya yi rajista da lambar ɗansa, ɗan kuma ya tafi ci-rani da wayar.

Sai shirin Anchor Borrowers da Babban Banki ya ƙaddamar a Kebbi a Nuwamban 2015. Wannan rance ne, a lokacin ana biya da amfanin gona bayan girbi. Da yawa sun ɗauka kyauta ce, bashi ya taru a wuyan ƙungiyoyin manoma.

Saboda haka duk takardar da aka kawo muku, kafin ku dangwala yatsa ku tambayi malamin gona: rangwame ne ko rance? Nawa za a biya, kuma yaushe kayan za su sauka? In ba a ba ku tabbacin saukarsu kafin shuka ba, ku sayi kamfan sawun farko da kuɗinku tun da rani, na tallafin in ya makara ku adana a busasshen ɗaki, a kan katako, don noman rani.