Adon Bishiyar Kirsimeti da Zare da Allura

Jama'a barkanmu da wannan lokaci, barkanmu da hunturu. Daga cikin garin Katsina nake magana da ku, kuma abin da ke tafin hannuna ɗin nan shi ne aikinmu na yau. Ɗan ƙyalle ne mai faɗin bakin kofi, an yi masa surfanin tauraro, an cusa auduga a ciki, an sa masa maratayi. Irinsa goma sha biyu sun isa su cika ƙaramar bishiya.

Kafin mu ɗauki allura, ga wani abu da ya kamata mu sani. A ƙasar Jamus aka fara al'adar kafa bishiya a cikin gida lokacin Kirsimeti, wajen ƙarni na 16, kuma abin da ke gida shi ake rataya mata: tuffa, 'ya'yan itatuwa, kayan toye-toye, da takardar da aka yanka da hannu. Sai a ƙarni na 19 ƙwallayen gilashi suka yaɗu daga wani gari mai suna Lausha. A 1848 wata jaridar Landan ta buga zanen Sarauniya Biktoriya da iyalinta kewaye da bishiyarsu, daga nan abin ya zama yayi a Ingila da Amurka. Masu ƙyalƙyalin da muke saye a kasuwa yau, yawancinsu daga Sin ake kawo su. Ban ce kada a saya ba. Amma mu da muka tashi muna ganin maza zaune a zaure suna ɗinkin hula, muna ganin aska biyu da aska takwas a ƙirjin babbar riga, bai kamata bishiyarmu ta rasa aikin hannunmu ba.

To, ga kayan aiki. Ƙyallaye, kuma ba sai kin sayi yadi ba. Ki je wurin telanki a farkon Disamba, lokacin da ɗinkin Kirsimeti ya yi masa yawa, ki roƙi guntayen da ke ƙarƙashin keke. Shadda mara zane ta fi kyau a gaba, don ita ke fito da surfani. Atamfa kuma a baya. Sai zaren ɗinkin hula kala uku ko huɗu, ana samunsa a Babbar Kasuwa wurin masu kayan ɗinki, da allura mai ɗan faɗin ido, da almakashi, da fensir, da auduga. In ƙyallen baƙi ne ko shuɗi mai duhu, fensir ba zai fito ba, sai ki yi zanen da guntun sabulun da ya siranta, yadda teloli ke yi.

Ki fara jiƙa atamfar a ruwa ki gani ko tana zuba. Wadda ta zuba ki ajiye ta gefe, domin ran da kika wanke adon, ja zai bi farin zare ya ɓata miki aikin kwana biyu.

Yanzu ku dubi hannuna. Na kifa kofi a kan shadda, na zagaye bakinsa da fensir. A tsakiyar da'irar na zana tauraro mai tsini biyar. Kada ki yanka tukuna. Wannan shi ne kuskuren da kusan kowa ke yi a ranar farko. In kika yanke ƙyallen ya zama ƙarami, ba ki da wurin riƙewa, bakinsa kuma zai riƙa zarewa kina ɗinki. A gama surfani tukuna, yanka ya biyo baya. Mai zoben katako na ɗaure yadi ta sa shi. Wadda ba ta da shi ta sa wa ƙyallen sitati ta goge, zai tsaya ƙyam kamar takarda.

Zare kuma kamu ɗaya ya isa, daga yatsa zuwa gwiwar hannu. In ya wuce haka sai ya riƙa harɗewa. In zarenki irin mai sili shida ne, ki raba shi, ki ɗauki sili biyu ko uku.

Ɗinkin farko shi ne na bin layi. Allura ta fito daga ƙasa, ta koma baya ta shiga inda ɗinkin da ya wuce ya tsaya, sannan ta fito gaba. Baya, gaba, baya, gaba. Kowane taku kada ya wuce tsawon ƙwayar shinkafa. A nan nake so mu ɗan daɗe, domin kyawun aikin duka yana cikin wannan ƙanƙantar taku. Mace mai gaggawa takan ja zare da ƙarfi don ta ga layi ya miƙe, sai ƙyallen ya tattare, tauraron ya karkace, kuma babu gugar da za ta gyara shi. Ki ja har zaren ya kwanta a kan yadi, daga nan ki sake shi. In kin iso tsinin tauraro, ki tabbata allurar ta shiga daidai kan tsinin kafin ki juya, in ba haka ba kusurwar za ta fito da kumburi kamar ganye.

Wata dattijuwar maƙwabciyarmu ce ta koya mini wannan, Musulma, wadda ta yi shekaru tana ɗinka wa 'yan kasuwa huluna. Takan karɓi ƙyallena ta juya bayansa kafin ta dubi gaba. In ta ga zare ya yi tsalle daga wannan gefe zuwa wancan, sai ta ce, “'Yata, warware.” Ran da na kai mata tauraron farko da bayansa ya fita tsaf, ta riƙe shi ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce in yi wa jikarta guda ta rataya a jakar makaranta.

Na biyu shi ne ɗinkin sarƙa. Allura ta fito, ki mayar da ita ramin da ta fito, ki bar ɗan zobe na zare, ki fito da ita ta cikin zoben ki ja a hankali. Zobe cikin zobe. Da shi nake zagaye da'irar, kuma da shi ake yin dagin Arewa in kina son sa a madadin tauraro. Dagi yana da wuyar zane, don haka ki kwafe shi a takarda tukuna, ki lura da inda layi ya hau da inda ya bi ta ƙasa.

Cike cikin tauraron ba wuya. Zare kusa da zare, daga wannan baki zuwa wancan, har yadin ya ɓuya. Tsakaninsa da da'ira kuma ki watsa 'yan ƙulle-ƙulle: ki naɗa zare sau biyu a jikin allura, ki soka dab da inda ta fito. Su ne ƙananan taurarin.

Tauraro na zaɓa saboda shi ne ya ja masana daga gabas zuwa Baitalami, kamar yadda yake a Matiyu sura 2. Amma labarin yana da faɗi. Luka sura 2 ya ba mu makiyaya da garkensu, kuma tunkiya ba baƙuwa ba ce a wurin yaron Katsina. Ki cika jikinta da ƙulli fari, ƙafafu huɗu da baƙin zare, ta fito. Kurciya ma layi biyu ne da fiffike.

Wani abu game da hunturu. Hannu yakan bushe ya yi kaushi, ya riƙa kama zare yana tsinka masa gashi. Ki shafa man kaɗe da dare, ba lokacin da za ki zauna aiki ba, don maiƙo ba ya fita daga shadda. In kin tashi, ki sa aikin a leda, ƙurar wuni ɗaya ta isa ta mayar da fari ruwan ƙasa.

Surfani ya ƙare, yanzu sai yanka. Ki bar faɗin yatsa ɗaya a bayan layin fensir. Ki yanko atamfa daidai girmansa. Ki haɗa su fuska da fuska, wato surfanin yana ciki. Maratayin, ko ribon ne ko zaren da kika tufka, ki ninka shi biyu ki kwantar da shi a tsakaninsu, bakinsa yana leƙowa ta sama. Ki bi layin da ɗinkin farko da muka koya, ki bar ƙofa mai faɗin yatsa biyu a ƙasa. Ki ɗan tsattsaga bakin da almakashi ba tare da kin taɓa ɗinkin ba, sannan ki juyo shi. Kun ga abin da ya sa na ɗora tauraro a kan da'ira, ban yanka ƙyallen da siffar tauraro ba: tsini biyar ba sa juyuwa da daɗi a hannun mai koyo.

Auduga kaɗan-kaɗan ake turawa, da gindin fensir, a fara da gefuna. Yanzu kakar auduga ce, masu 'yan uwa a wajen Funtua da Malumfashi ba za su rasa ba, sai dai a cire gurya. Audugar rimi ta tsohon matashi ma tana yi, ta fi sauƙin nauyi, amma tana kama wuta nan take, don haka kada kyandir ya kusanci bishiyar. Kada ki cika shi tim. In ya yi taushi kamar ƙosai, ya isa. Ki kalmasa bakin ƙofar ciki, ki rufe da ƙananan ɗinki.

Yara na iya tura auduga da tufka maratayi, kuma suna so. A bayan kowane ɗaya nakan ɗinka shekara da harafin farko na sunan wanda ya taya ni. In ƙyallen daga ankon Zumuntar Mata ya fito, ko daga zanen da aka yi goyon wani da shi, duk wanda ya shigo gaisuwar Kirsimeti zai gane shi tun daga bakin ƙofa.

Wadda ba ta da bishiyar roba ta samo busasshen reshen bedi mai rassa da yawa, ta kafa shi a tukunya, ta cika da yashi. Manyan adon a ƙasa, ƙanana a sama, a bar tazarar tafin hannu tsakaninsu don kowane surfani ya samu a gan shi. Ga nawa nan, saura gurbi ɗaya can sama, kuma na tunkiyar ne. Bari in ƙarasa mata ƙafa ta huɗu.