Titi ba filin dambe ba ne

Hadiza: Assalamu alaikum masu sauraro. Yau a Ƙofar Ƙaura ta Katsina muke, ƙarƙashin rumfar Baba Bala mahauci, saboda haka in kun ji ƙarar sara, ƙashi ake fasawa, ba faɗa ake ba. Ga kuma Yaya Usman, ma'aikacin jinya. Baba, kai da ka ɗaura kara a hannu shekara da shekaru, yau wani yaro ya tare ka a titi ya zage ka, me za ka yi?

Baba Bala: In ba shi hanya, 'yata.

Hadiza: Haba Baba! Ɗan dambe guda?

Baba Bala: Ai don na san dambe ne. A fili akwai alƙali, akwai yashi, turmi uku ne. Hannu ɗaya mashi, ɗaya garkuwa. Da gwiwarka ko hannunka ya taɓa ƙasa, an yi kisa, magana ta ƙare, a ɗaga ka a karkaɗe maka jiki. A titi wa zai raba ku? Ka kayar da ɗaya, abokansa uku sun fito daga lungu. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Kuma ba ka san abin da ke ƙugunsa ba. Mu da muka ga zamanin da ƙauraye, wato 'yan daba, ke tashe a garin nan mun san yaron da bai kai ya ɗauki buhun gero ba yana iya ɗaukar ran ƙato.

Usman: Baba ya ambaci yashi, nan nake so in tsaya. Sau da yawa ba naushin ne ke kisa ba, faɗuwar ce. Mutum ya sha naushi a haɓa, ya tafi da baya, ƙeyarsa ta daki kwalta ko bakin kwata. Abin da ke yaudarar mutane shi ne sai ya tashi ya karkaɗe rigarsa, har ya yi dariya, ya tafi gida da ƙafarsa, alhali jini na taruwa a cikin ƙoƙon kai. Bayan 'yan sa'o'i sai ciwon kai mai tsanani, sai amai, sai barcin da ake tashinsa ba ya tashi sosai. Na taɓa karɓar wani matashi haka, kan canjin acaɓa aka yi rigimar. 'Yan gidansu sun ce ai ya ci tuwon dare lafiya.

Hadiza: Innalillahi. To wanda ya yi naushin fa?

Usman: Shi kuma ya shiga hannun hukuma, a kan kuɗin da ba su kai na kati ba.

Hadiza: Amma Yaya, doka ba ta hana mutum kare kansa ba.

Usman: Ba ta hana ba. Sashe na 33 na kundin tsarin mulkin 1999 ma ya san da kare kai, amma da sharaɗin ƙarfin da aka yi amfani da shi ya zama daidai da buƙata. Wanda ya juya yana gudu ka bi shi da gora, wannan ramuwa ce. Zagi kuma, komai zafinsa, ba hari ba ne.

Baba Bala: Zagin ne dai ke ɗibar samari. A ambaci uwar mutum, sai idonsa ya rufe. Ni tun ina ganiyata malaminmu yake karanto mana hadisin nan, cewa mai ƙarfi ba shi ne mai kayar da mutane a kokawa ba, mai ƙarfi shi ne mai mallakar kansa lokacin fushi. Sai da na yi furfura na fahimce shi.

Hadiza: To mu zo inda tura ta kai bango. Na ba da haƙuri, na ja da baya, mutum ya ƙi. Ko dai ɗan ƙwacen waya ne.

Baba Bala: Waya kam, miƙa masa. Ki ma jefa ta gefe, ya bi ta can, ke ki bi nan. Kada ki tsaya cinikin layinki da mai wuƙa. Ni mahauci ne, na san abin da wuƙa ke yi wa nama cikin ƙiftawar ido. Duk wanda ya ce zai koya miki ƙwace wuƙa da hannu, ki tambaye shi tabo nawa ke jikinsa.

Hadiza: In ba wayar yake so ba fa?

Baba Bala: Tashi ki gani. Yauwa. Kada ki bari ya matso inda hannunsa zai kai gare ki. Ƙafa ɗaya gaba, ɗaya baya, kada ki haɗe su, ko tura ki aka yi ba za ki faɗi ba. Hannuwa sama daidai ƙirji, tafi a buɗe, kamar mai ba da haƙuri. Mai kallo zai shaida ba ke ke neman faɗa ba, kuma garkuwarki na nan kusa da fuska. Haɓa ƙasa kaɗan. In ya kama wuyan hannunki, kada ki ja da baya kai tsaye, murɗa ki fizge ta wajen babban yatsansa, nan ne riƙo ya fi rauni. In dole sai kin buga, da gindin tafi, a hanci ko haɓa, ko gwiwa a marainansa. Sau ɗaya, biyu, sai gudu inda jama'a suke.

Usman: Tafin nan da Baba ya ce, gaskiya ne. Mai dunƙule hannu bai saba ba, ƙashin bayan ƙaramin yatsa ke karyewa. In kuma naushin ya sauka a haƙori fata ta tsage, ƙwayoyin cutar baki su shiga gaɓa, kwana biyu hannu ya kumbura kamar tulu. Irin wannan raunin asibiti ake kai shi ranar.

Hadiza: Mu mata kuma mayafi ne ake fara kamawa.

Baba Bala: Bar masa mayafin. Kuma komai rintsi kada ki yarda ya ja ki lungu ko cikin mota. Nan inda mutane ke gani za ki tirje, ki yi ihu iya ƙarfinki.

Hadiza: Ihun ɓarawo?

Usman: Ni dai na fi son "jama'a a taimaka". Kalmar ɓarawo a kasuwa kin san abin da take jawowa, har wanda bai ji ba bai gani ba sai a rufe shi da duka.

Hadiza: Idan an riga an soki wani a gabana fa, Yaya?

Usman: Ki samu tsumma mai tsabta, ko mayafinki, ki danne wurin da ƙarfi, kada ki riƙa ɗagawa kina leƙawa. In wuƙar na jiki, kada a zare ta, a danne gefe da gefenta. A kira 112, ko a sa shi a Napep zuwa asibiti mafi kusa. Ba toka, ba ƙasa, ba man birki.

Baba Bala: Man birkin nan kam mu ma mun sha zuba shi a rumfa.

Usman: Na ga tabon a babban yatsanka tun da muka zauna, Baba, kunya ce ta hana ni magana.