Yadda zaka nemo binciken likitoci kan cututtukan yankinmu, misali da ciwon noma

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Bidiyon yau na ɗaliban likitanci ne da na aikin jinya da duk wanda malaminsa yace masa jeka ka kawo min abinda aka rubuta kan cuta kaza, shi kuma ya buɗe Google ya rasa ta inda zai kama.

Bari mu ɗauki cuta ɗaya mu bita har ƙarshe. Ciwon noma, wannan da ke cin kunci da leɓen ƙananan yara, yawanci 'yan shekara 2 zuwa 6 da yunwa ta raunana. Akwai asibiti guda a Sakkwato da aka ware dominsa, kuma sai a watan Disamba 2023 ne Hukumar Lafiya ta Duniya, wato WHO, ta saka shi cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi watsi dasu, Najeriya ce ma ta jagoranci neman hakan.

To farko ka buɗe PubMed, shafin neman maƙalun likitanci a intanet. Kyauta ne, ba rajista ba komai, babban laburaren likitanci na gwamnatin Amurka ne ke riƙe dashi, kuma bayanan maƙalu sama da miliyan 35 ne a ciki. Amma kafin ka rubuta komai tsaya ka tambayi kanka, cutar nan sunanta nawa? Nan ne mutane da yawa ke yin asara wallahi. Tsofaffin likitoci cancrum oris suke ce wa noma, to duk wanda ya tsaya kan suna ɗaya a wuri irin Google Scholar, shafin Google na neman maƙalun ilimi, zai iya wuce maƙalun da aka rubuta shekaru hamsin baya, alhali wani lokacin a cikinsu ne zaka ga yadda cutar take a asibitocinmu tun kafin a haife ka. Haka tsargiya, wasu schistosomiasis suke rubutawa wasu bilharzia. Kurkunu kuma dracunculiasis ko guinea worm.

Shi PubMed yana da wani kundin sunaye da ake kira MeSH, aikinsa ya tattara duk sunayen cuta ɗaya ƙarƙashin kalma guda. Kalli allon nan, na rubuta noma OR cancrum oris, da manyan baƙaƙe ake rubuta OR ɗin, ma'anarsa kawo min ko wannan ko wancan. Sannan na ƙara AND Nigeria, kaga adadin ya ragu, yanzu waɗanda suka haɗa biyun kawai ya bari. A gefen hagu ka danna Free full text, sai ya ware maka waɗanda zaka sauke gaba ɗaya ba sisi.

Sauran fa, waɗanda aka kulle sai da dala? Kada ka cire katin bankinka. Tashi ka tafi laburaren makarantarku ko na asibitin koyarwa, ka gaida ma'aikacin ka tambaye shi ko suna da Hinari. Shiri ne da WHO ta fara a 2002 tare da manyan kamfanonin buga mujallu domin buɗe wa cibiyoyin ƙasashe masu tasowa mujallun da aka kulle, yanzu yana ƙarƙashin haɗakar shirye-shirye mai suna Research4Life, cibiya ce ke rajista ba mutum ɗaya ba, wasu ƙasashen kyauta wasu da kuɗi kaɗan. Abin na damuna sosai, ɗalibi ya shekara shida a makaranta bai taɓa magana da ma'aikacin laburare ba, alhali mutumin nan aikin da ya karanta kenan, shi ya san inda tsofaffin kundayen mujallu suke a kan kanta, irin Transactions of the Royal Society of Tropical Medicine and Hygiene da ta haura shekara ɗari tana fitowa, shi kuma ya san inda ake ajiye kundin digirin waɗanda suka gabace ka, wanda yawancinsu basu taɓa hawa intanet ba.

Kuma PubMed bai ɗauke komai ba, mujallun Afirka da yawa basa ciki. Saboda haka ka maimaita binciken a African Journals Online, wato AJOL, da kuma African Index Medicus na WHO. 'Yan uwanmu na Maradi da Damagaram da Yamai kun san wannan, da yawan binciken Nijar da Faransanci yake, to mu ma na wannan ɓangaren mu gwada paludisme maimakon malaria, bilharziose maimakon bilharzia, cutar ai bata san iyaka ba. Mujallar PLOS Neglected Tropical Diseases da Malaria Journal kuwa duk a buɗe suke, kowa ya karanta.

Idan duk ka bi nan maƙalar taƙi samuwa, duba shafinta na farko, akwai imel ɗin ɗaya daga cikin marubutan, ka rubuta masa layi uku cikin ladabi, ka faɗi sunanka da makarantarku da taken maƙalar, da yawansu suna turowa. In ta iso ka sauka ƙasanta ka karanta jerin maƙalun da ya dogara dasu, ka kwafe guda biyar da suka fi kusa da tambayarka, su zaka koma ka saka a PubMed ɗaya bayan ɗaya.