Lacca: Yadda rigakafin ɗanka ke kare ɗan maƙwabcinka

Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana. Abin da ke cikin allurar rigakafi shi ne ƙwayar cutar da aka kashe ko aka raunana, ko wani ɓangare nata, wanda ake nuna wa garkuwar jiki domin ta shaida abokin gaba tun kafin ya iso. Ɗan zazzaɓin nan da ke sa uwa ta kwana tana taɓa goshin ɗanta bayan allura, yawanci alama ce ta cewa jiki ya kama aiki.

Amma inda nake so mu tsaya shi ne amfanin da ya wuce na wanda aka yi wa allurar. Ku ɗauki ƙyanda. Mai ɗauke da ita ɗaya yana iya harbin mutum 12 zuwa 18 idan ba su da kariya, kuma a tsarin Nijeriya sai jariri ya kai wata 9 ake yi masa allurarta. To, wa zai kare ɗan wata huɗu da ke goye a gidan suna? Yayyensa ne da 'ya'yan maƙwabta, domin idan kusan kashi 95 cikin 100 na jama'a suna da kariya, cutar kan rasa hanyar da za ta bi ta iso gare shi.

Shan inna ya koya mana wannan darasi da tsada. Cikin yara kusan 200 da suka kamu, ɗaya ne ke shanyewa, sauran kuwa, akasarinsu suna wasa lafiya lau alhali suna fitar da ƙwayar a bayan gida. Da aka dakatar da ɗigon rigakafin a Kano a 2003 saboda zargin yana hana haihuwa, zargin da gwaje-gwaje ba su tabbatar ba, ƙwayar ta bazu har Yaman da Indunusiya, ko da yake an dawo da shi a 2004. Sai da sarakuna da malamai suka sa baki, ma'aikata suka bi gida-gida, kafin a ga yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar ta kama a Borno a 2016, sannan a ranar 25 ga Agusta, 2020, aka ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar.

Wani zai tambaya me ya sa har yanzu ake ƙwanƙwasa ƙofa. Dalili shi ne, inda yara da yawa ba su karɓa ba, raunanniyar ƙwayar da ke cikin ɗigon kan daɗe tana yawo tsakaninsu har ta sake yin ƙarfi. Shi ya sa ake shafa wa yaro tawada a farcen ƙaramin yatsa, a kuma yi rubutu da alli a jikin bango, don a san gidan da aka tsallake.