Lacca: Abin da ake rufe ƙuna mai zurfi da shi

Jama'a, abu uku zan kawo. Amma ku fara riƙe wannan: ƙuna in ta cinye fata har ƙasa, babu saiwar gashi, babu ramin gumi, to babu inda sabuwar fata za ta tsiro. Sai an yanke matacciyar, an rufe. Wanda ya ƙone rabin jiki, ina za a yanko masa ta dashe?

Na farko, fatar mamaci da ake adanawa cikin gilisarin. Aro ce, bayan 'yan makonni jiki ya ƙi ta.

Na biyu shi ne Integra, wata ƙirarriyar fata, kuma a nan zan daɗe. Likitan tiyata John Burke da injiniya Ioannis Yannas suka haɗa ta a Amurka, aka amince da ita a 1996. Ninki biyu ce. Na ƙasa soso ne na kolajin (furotin da ke ƙarfafa fata) na saniya da sinadarin guringuntsin kifin shak, na sama silikon, mai hana ruwan jiki tsiyayewa. Soson nan rumfa ce kawai, rumfa! Jijiyoyin jinin majiyyaci ke bin ƙofofinsa su gina sabon ninki, cikin mako biyu zuwa uku. Na baya, kuna ji? Launi ake kallo ta cikin silikon: ja, sannan ruwan hoda, har ya koma fari-fari mai ɗan rawaya. Sai a ɓare silikon, a ɗora siririyar fatar majiyyacin. Me ke ɓata aikin? Gudan jini a ƙarƙashi ya raba soso da nama. Goga, in an juya mutum da gaggawa. Sai mugunya, ita ce babba: ana gani a tsaga silikon, a wanke, kafin ta yaɗu. Kullum a duba, kullum.

Na huɗu... au, na uku, noman ƙwayoyin fata a ɗakin gwaji, dabarar 1975. Mako uku take ci, ga saurin yagewa.

Na'am, Hajiya? Fatar kifi? Gaskiya ne, a Fortaleza ta Burazil suna amfani da fatar karfasa. Amma ga ƙunar da ba ta cinye fata duka ba, kuma sai an kashe ƙwayoyin cuta da gilisarin da haske na musamman. Don Allah kar wani ya feɗe karfasar kasuwa ya manna wa yaro. A zuba ruwan famfo minti 20, a rufe da tsabtataccen ƙyalle, a nufi asibiti.